Ƙofar Kabad Ta Saki? Ga Yadda A Ke Gyara Ta A Gida

A cikin dukan kayan da ke ɗakin girki, da wuya a sami abin da ke shan wahala kamar ƙofar kabad. Tun da asuba a ke buɗe ta a ɗauko sukari da ganyen shayi, da rana a ɗauko gishiri da daddawa, da dare kuma a mai da kwanuka. In a kan buɗe ta sau 20 a yini, kafin shekara ta kewayo an buɗe ta fiye da sau 7,000 ke nan. Dukan wannan aiki kuwa yana rataye ne a kan 'yan ƙananan sukuru waɗanda tsawon kowannensu bai kai gaɓar yatsa ba.

Ran da ɗayansu ya saki, ƙofa ta kan fara sunkuyawa, ta riƙa gogar 'yar'uwarta, daga baya ta ƙi rufuwa sarai. Mutanen gida su kan saba da ita haka nan, su riƙa ɗaga ta da hannu in za su rufe. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta 'yar kafar nan ɓera da kyankyaso za su sami hanya zuwa garin tuwo da shinkafa. In kuwa a nan uwargida ta ke ajiye kananzir ko maganin ƙwari, to, hannun yaro mai rarrafe ya sami hanya shi ma. Wata rana kuma ƙofar ta kan ɓalle gaba ɗaya ta faɗo a kan ƙafar wanda ke tsaye kusa, ta tafi da wani sashe na jikin kabad ɗin. Gyaran da tsinke da gam za su iya yi jiya, yau ya zama na sayen sabon katako.

INDA CIWON YA KE

Yawancin mutane in sun ga ƙofa ta saki sai su ce hinji ne ya lalace, su tafi kasuwa su sayo sabo. Su kan ɗaura shi, bayan mako biyu ƙofa ta koma gidan jiya. Dalili kuwa shi ne, hinji ƙarfe ne, ba safai ya ke mutuwa ba. Ramin da ke riƙe da sukuru ne ya cinye.

Sukuru yana da haƙora da suka kewaye jikinsa. Sa'ad da a ke murɗa shi, haƙoran nan su kan sassaƙa wa kansu hanya a cikin katako, su cije. Muddin naman katakon da ke tsakanin haƙoran yana nan da ƙarfinsa, sukuru ba ya motsi. In ya ɗan yi sako-sako, to, duk buɗewa da rufewa sai ya girgiza, ya riƙa niƙa katakon nan kaɗan kaɗan har ya zama gari. Daga nan ko an murɗa shi sai ya yi ta juyawa kawai, ba ya kamawa. Saboda haka dukan gyaran da za mu bayyana a nan manufarsa ɗaya ce, watau a ba sukuru sabon nama mai ƙarfi wanda zai ciza.

Mai karatu zai lura cewa hinjin sama ne ya kan fara sakewa. Nauyin ƙofa yana fizgar na sama waje, yana kuma danna na ƙasa ciki. Gwargwadon faɗin ƙofa, gwargwadon ƙarfin fizgar. Shi ya sa wanda ya dafa bakin buɗaɗɗiyar ƙofa domin ya miƙe tsaye ya ke yi mata ɓarna mai yawa, haka kuma yaron da ke lilo da ita, da jakar albasa da aka rataya a hannunta.

Akwai kuma aikin yanayi. A ƙasashenmu katako ya kan sha laima da damina ya kumbura, in hunturu ya zo ya bushe ya tsuke. Shekara da shekaru ramin sukuru yana matsewa yana buɗewa, har riƙon ya ragu. Ga ruwan da ke ɗiga daga famfon wanke-wanke, ga gara. Wani lokaci kuma ciwon tun daga ranar haɗa kabad ɗin ne, in mai aikin ya yi gaggawa ya buga sukuru da guduma kamar ƙusa, ko kuwa ya murɗa shi fiye da kima har ya cinye ramin.

KA SAN IRIN KATAKONKA

Kafin ka taɓa kome, ka fara duba abin da aka yi kabad ɗin da shi, gama maganin wani ba na wani ba ne.

Na fari shi ne katako na ainihi, wanda aka tsago daga itace, kamar maɗaci ko malaina. Wannan ya fi sauƙin gyara, domin yana karɓar gam, yana kuma riƙe sukuru da kyau. Na biyu shi ne filawud, watau siraran fallaye na itace da aka manna wani bisa wani. In ka dubi bakinsa za ka ga layi-layi. Shi ma yana da riƙo, sai dai in ruwa ya shige shi fallayen su kan rabu.

Na uku shi ne katakon ɓarɓashi. A kan tara ɓarɓashin itace a gauraya da gam, a danne da inji mai zafi har ya zama allo, sa'an nan a lulluɓe shi da wata farar fata mai santsi ko mai kamar zanen itace. A ƙasar Jamus aka fara yin irinsa domin sayarwa, a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da katako ya yi wuya. Yana da ƙane wanda a ke kira MDF, wanda aka fara yi a Amurka a shekarun 1960. Shi da lallausan zaren itace a ke yinsa, cikinsa sumul kamar kwali mai tauri. Waɗannan biyu sun fi araha, shi ya sa yawancin kabad na zamani da su a ke yi. Kaurinsu ya kan kama daga milimita 15 zuwa 18. Aibinsu biyu ne. In sukuru ya fizge ya kan fito da gutsure, ya bar rami mai faɗin baki. In kuma ruwa ya shige su suka kumbura, ba su komawa yadda su ke ko sun bushe.

HINJI IRI BIYU

Tsohon hinji wanda kowa ya sani yana da fukafukai biyu da sanda a tsakiya, ɗaya a jikin ƙofa, ɗaya a jikin kabad. Na zamani kuwa ɓoye ya ke, ba a ganinsa sai an buɗe ƙofa. Yana da wani ɗan ƙoƙo na ƙarfe wanda ke zaune cikin rami mai faɗin milimita 35 da aka fafe a bayan ƙofar. Daga ƙoƙon hannu ya miƙe ya kama wani ɗan faranti da aka ɗaure a jikin kabad da sukuru biyu. A bisa ma'aunin da masana'antun Turai suka daidaita, tsakanin ramukan nan biyu milimita 32 ne, nisansu daga bakin kabad kuwa ya kan zama milimita 37. Shi ya sa sau da yawa hinjin wani kamfani ya kan zauna a gurbin na wani. Wannan ɗan farantin ne ya fi yawan fizgewa.

Ka dubi sukurun da ke jikinsa da kyau. Wani siriri ne mai tsini, tsawonsa kamar milimita 16. Wani kuwa gajere ne mai kauri marar tsini, an yi shi domin rami mai faɗin milimita 5 wanda aka huda tun a masana'anta. In irin na biyun ya ɓace ka sa siriri a madadinsa, ba zai kama ba ko da ramin lafiyarsa lau. Ka ɗauki ɗaya ka tafi da shi wurin masu sayar da kayan kafintoci su ba ka irinsa.

DUBAWA DA SHIRI

Ka buɗe ƙofar, ka kama bakinta na ƙasa ka ɗaga a hankali, idonka yana kan hinji. In faranti yana motsi a jikin katako, rami ne. In faranti yana nan daram amma hannun hinjin yana wasa a kansa, to, sukurun da ya haɗa su ne ya kwance, murɗawa kaɗai ya ke bukata. In kuwa ƙarfen ya tanƙware, ko ya karye, ko tsatsa ta cinye shi, sai a sayi sabo. Ka gwada kowane sukuru da sukundireba. Wanda ya tsaya ya yi tauri lafiyarsa ƙalau, wanda ya yi ta juyawa raminsa ya cinye. Sa'an nan ka danna katakon da ke kewaye da bakin wuƙa. In ya lotsa kamar burodi, ko gari yana zubowa, ruwa ko gara sun riga ka.

Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba wadda bakinta ya yi daidai da kan sukurun, farin gam irin na kafintoci, tsinke, wuƙa mai kaifi, ƙaramar guduma, ƙusa siririya, fensir, da tsumma mai laima. Kada ka raina zancen sukundireba. In bakinta ya yi ƙanƙanta ko ya dakushe, za ta zame ta cinye kan sukurun, ka koma neman yadda za ka fid da shi.

Ka kwashe kayan da ke cikin kabad. Ka sami wanda zai riƙe maka ƙofar, ka fara kwance hinjin ƙasa, na sama shi ne na ƙarshe. In ka fara da na sama, ƙofa za ta kifo ta fizge na ƙasa, rami ɗaya ya zama biyu. Ka zuba sukuru cikin kwano kada yara su ɗauka su sa a baki.

GYARA NA FARI: TSINKE DA GAM

Wannan na ramin da ya ɗan buɗe ne, bakinsa bai ɓalle ba. Ka kakkaɓe garin da ke ciki, ka hure shi sarai, domin gam ba ya kama ƙura. Ka sami tsinken sakace, ko tsinken ashana da aka cire wa kai. Tsinken tsire irin na gora ya fi su duka, gama yana da tauri. Ka ɗiga gam a ramin, ka shafa wa tsinken, ka cusa su ɗaya bayan ɗaya har ramin ya cika tam. Na ƙarshe ka ɗan buga shi da guduma a hankali. Ka share gam da ya tsatso da tsumma mai laima.

Daga nan sai haƙuri. Farin gam ya kan kama cikin sa'a guda, amma ba ya kai ƙarfinsa sai ya kwana ya yini, watau sa'a 24. Sauri ya kan haifi nawa: wanda ya mai da ƙofa tun gam yana ɗanye zai sake aikin. In ya bushe, ka yanke abin da ya yi saura da wuƙa har ya yi daidai da fuskar katako. Ka aza hinjin a gurbinsa, ka sa alama da fensir a tsakiyar ramin, sa'an nan ka yi wa sukuru 'yar hanya da siririyar ƙusa ko da bakin inji mai kaurin milimita 2. Wannan 'yar hanyar ita ce ke hana shi karkacewa. In ka goga wa haƙoransa kyandir zai shiga da sauƙi. Kyandir ya fi sabulu, domin sabulu yana jawo laima ya sa tsatsa. Ka murɗa da hannu, da zarar ya tsaya ka tsaya.

GYARA NA BIYU: FEGI

In ramin ya yi faɗi har fensir yana iya shiga, tsinke ba zai wadatar ba. Sai a buɗe ramin da injin huda katako ya zama kewayayye mai tsabta, faɗinsa milimita 8, a dasa masa fegi na katako mai tauri. A kan sayar da irin fegin nan a shirye, kafinta kuma yana iya fiƙe maka.

Hatsarin da ke nan shi ne a huda katakon har ya ɓullo ta waje. In kaurin allon milimita 18 ne, kada zurfin ya wuce 12. In 15 ne, a tsaya a 10. Ka auna a jikin bakin injin, ka naɗa salatif a wurin, in salatif ya taɓa katako ka dakata. Ka shafa gam a ramin da jikin fegin, ka buga shi a hankali, ka bar shi ya kwana. Kashegari ka yanke shi daidai da fuskar allon. A nan tilas ne a huda wa sukuru hanya, in ba haka ba zai tsaga fegin. Wannan gyara yana yi a katako na ainihi, da filawud, da katakon ɓarɓashi wanda bai sha ruwa ba.

GYARA NA UKU: IN KATAKON YA ƁALLE

Katakon ɓarɓashi in ya fizge ya kan bar gurbi kamar an ɗebe shi da cokali. Ga hanyoyi uku, sai ka zaɓi wadda ta fi maka sauƙi.

Ta ɗaya ita ce farantin gyara. Wani falle ne na ƙarfe, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, mai ramuka da yawa. A kan rufe wurin da ya ɓalle da shi, a ɗaure shi da sukuru huɗu ko shida a wuraren da katako ke da lafiya, sa'an nan a ɗaura hinjin a jikin ƙarfen. Nauyin da ke kan ramuka biyu dā ya rarrabu ke nan. Akwai na jikin kabad, akwai kuma na bayan ƙofa mai babban rami a tsakiya domin ƙoƙon hinji. A kan same su wurin masu sayar da kayan kabad a manyan garuruwa. Ka tafi da hinjinka ka gwada kafin ka biya.

Ta biyu ita ce gam mai bututu biyu, wanda a ke matso kowanne daidai wa daida a gauraya. Ka kankare duk abin da ke rugurgujewa, ka gauraya gam ɗin da ɗan lallausan garin katako har ya yi kauri, ka cika gurbin, ka shafe fuskarsa da bakin wuƙa. In ya kwana ya kan yi tauri ƙwarai, sai an huda shi da inji kafin sukuru ya shiga. Ka yi aikin inda iska ke shiga, kada kuma ya taɓa ido.

Ta uku ita ce mafi ƙarfi. In bayan allon ba ya ganuwa, watau yana jingine da wani kabad ko yana fuskantar lungu, sai a huda shi ya ɓulla, a zura ƙaramin bol mai kaurin milimita 4, a sa masa wosha mai faɗi da noti ta baya. Yanzu riƙon bai dogara ga haƙoran sukuru ba sam.

In hinjinka tsohon iri ne mai fukafukai, akwai wata hanya kuma: ka gusa da shi sama ko ƙasa kamar santimita 4, inda katako bai taɓu ba. Mai ƙoƙo kuwa gusar da shi sai an fafe sabon rami na milimita 35, wannan aikin kafinta ne mai bakin injin da ya dace.

ABUBUWAN DA KE ƘARA ƁARNA

Ƙusa ba ta maye gurbin sukuru. Jikinta santsi ne, ƙofa za ta zare ta cikin 'yan kwanaki, bugun guduma kuma ya kan farfasa katakon ɓarɓashi. Sukuru mafi kauri ya kan kama na ɗan lokaci, amma a MDF ya kan tsaga allon, kansa kuma ba ya zama daidai cikin hinji. Mafi tsawo yana da amfani a katako mai kauri kaɗai, a allon milimita 15 tsininsa zai leƙo ta waje ya yagi hannun mai wucewa. Takarda ko tsumma da a ke cusawa a rami ba su da ƙarfin kome. Gam mai kamawa nan take ya kan bushe ya yi ƙaras ya farfashe, irin wanda masu gyaran takalma ke amfani da shi kuwa ba ya yin tauri, yana nan kamar roba.

MAI DA ƘOFA DA DAIDAITA TA

Wajen mayarwa da hinjin sama a ke farawa, mai taimako yana riƙe da ƙofar. Kada ka ƙulle kowane sukuru sarai sai dukansu sun shiga. Hinji mai ƙoƙo yana da wurin daidaitawa ta fuska uku. Sukurun da ke gaba a hannunsa yana matsar da ƙofa dama ko hagu. Na baya yana kawo ta kusa da jikin kabad ko ya nisanta ta. Ramukan farantin kuwa a yawancin hinji dogaye ne, in ka sassauta su za ka iya ɗaga ƙofa ko ka sauke ta. Ka riƙa murɗa rabin kewaye, ka rufe ka duba, har tsakanin ƙofa da 'yar'uwarta ya zama daidai daga sama har ƙasa, kamar milimita 2 ko 3. In ƙofar doguwa ce, ta wuce mita ɗaya, hinji biyu sun yi mata kaɗan, a ƙara na uku a tsakiya.

LOKACIN KIRAN KAFINTA

In allon ya kumbura da ruwa, ko gara ta cinye cikinsa, ba gam ko fegin da zai riƙe. Sai kafinta ya sake wannan gefen. Amma kafin ya zo a gyara famfon da ke yoyo, a kuma bi sawun garar har inda ta fito, in ba haka ba sabon ma zai bi tsohon. Wanda ke gidan haya kuma, in kabad ɗin na mai gida ne, ya kyautu ya nuna masa kafin ya huda ko ya ɗaura faranti, domin kada maganar ta taso ranar tashi.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Sau biyu a shekara, da faɗuwar damina da kuma tsakiyar hunturu, maigida ko uwargida su ɗauki sukundireba su bi kowane hinji. Aikin bai fi na minti goma ba. A ɗiga ɗan man keken ɗinki a gaɓar hinjin, a share wanda ya zubo. A koya wa yara cewa ƙofar kabad ba abin lilo ba ce, manya kuma su daina dafa ta. Yawancin hinji masu ƙoƙo ba su buɗuwa fiye da digiri 110, in ƙofa ta tsaya kada a tura ta gaba. Kada a rataya jiƙaƙƙen tsumma a kanta, a kuma riƙa leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke ko akwai laima.

In akwai yaro ko yarinya da suka yi wayo a gida, a kira su su riƙe ƙofar ranar gyara, su ga yadda a ke yi, a bar su su murɗa sukurun ƙarshe da hannunsu. Ka tashi yau ka ɗaga bakin kowace ƙofa a ɗakin girkinku. Wadda ka ji tana motsi, kada ka bar ta ta kai mako.